Ranar da Na Sa wa Kara Farashi

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Fitilar Jahilai, Babban Daraktan Hukumar Wayar da Kan Talaka a kan Tattalin Arziki, a duk inda ofishinsa ya koma.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan iyali suna lafiya, na'urar sanyaya ofis tana aiki, Allah kuma ya ƙara wa hukumarka kasafi, ina neman izinin gabatar da kaina. Sunana Tasi'u Abdulwahabu, manomin gero da dawa da wake a wani ƙauye da ke bayan Nasarawa Burkullu. Ba za ka tuna ni ba, amma ni ne mai shuɗiyar riga da ya zauna a layin gaba a bitar da kuka shirya wa manoma a Gummi shekarun baya kaɗan, wanda ya riƙa gyaɗa kai tun mai jawabi bai kai ƙarshen magana ba. Na so in kawo wannan takarda da hannuna. Da na je Gummi sai na tarar ɗakin da kuka kama ya zama shagon cajin waya, allonku kuma an juya bayansa an rubuta farashin ƙanƙara. Shi ya sa na ba 'yan jarida, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Maganar gona ce ta kawo ni, gonar gado wadda ita ce ke ciyar da gidana. Ta rame, ranka ya daɗe, kuma ina da yaƙinin hukumarka tana da hannu a ramar.

Bari in faɗi yadda muke kafin haskenku ya iso mana. Tun zamanin mahaifina, Baba Abdu, in an gama kaka, akwai wani Bafulatani mai suna Dikko da ke kawo shanunsa su yi mashekari a gonarmu, wato su zauna a cikinta tsawon rani. Kafin shi mahaifinsa ne ke kawowa. Shanu su ci kara da ragowar harawa, su bar mana kashinsu, damina ta zo gero ya fito yana huci. Matarsa Hamsatu ta aiko da nono a ƙwarya, matata Basira ta mayar da ƙwaryar da ƙuli-ƙuli a ciki. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya fi cin riba. Ba mu san abin yana buƙatar suna ba, ba mu kuma san a cikin duhu muke ba sai da kuka aiko a ba ku wakili.

Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Me ya sa kuka yarda aka turo ni? Gaskiya ne ƙauyenmu ne ya zaɓe ni, domin na yi sakandare a Anka kuma ina da rigar shiga taro. Amma ku masu ilimi ne, ya kamata tun daga bakin ƙofa ku gane irin mutumin da bai kamata a ba shi sabon tunani ba. Ni mutum ne da in na ji abu a rediyo da safe, kafin azahar na fara koyar da shi a gindin bishiya. Irina ake ba abinci a sallama, ku kuwa kuka ba ni kujerar gaba.

Mai jawabinku, wani saurayi mai tabarau da murya mai daɗi, ya ce duniya a kan tsari uku take gardama. Akwai jari-hujja, inda kowa ke riƙe da nasa, komai yana da farashi, gwamnati kuma ta koma gefe ta zama alƙalin wasa. Akwai gurguzu, inda gwamnati ke riƙe manyan abubuwa ta raba wa jama'a daidai. Sannan akwai kwaminisanci, inda babu nawa babu naka, har a ƙarshe gwamnatin ma a neme ta a rasa. Da ya zo nan na ɗaga hannu na shaida masa cewa wannan mataki na ƙarshe mu a ƙauyenmu mun daɗe da kai wa gare shi, ba tare da mun bi ta sauran ba. Aka yi dariya, na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka basirata ake yabo. Da aka tambaye shi wanne ya fi, sai ya ce kowa ya je ya yi nazari. Aka raba mana shinkafa da kaza a roba da hula mai tambarinku. Na hau bayan ɗan kabu-kabu na nufi gida, ina kallon gonakin mutane a hanya ina jin tausayinsu.

Da yake ba a faɗa mini wanne zan ɗauka ba, sai na yanke shawarar in gwada su ɗaya bayan ɗaya, yadda aka jero su.

Na biyu. Kun koya mini jari-hujja, amma ba ku gargaɗe ni cewa wani ma yana iya koyonsa ba. A kakar shekarar da aka yi bitar na tsaya a bakin gona na dubi kara, sai na ga jari ne a tsaye, wanda ni da ubana muka yi ta bayarwa a banza. A kasuwar Bukkuyum masu kiwon turka suna sayen kara da harawa. Da Dikko ya zo kamar yadda ya saba, sandarsa a kafaɗa, don ya gaishe ni ya ji ranar da shanu za su shiga, sai na shimfiɗa masa tabarma, na sa hularku, na yi masa bita. Na bayyana masa cewa zamanin kyauta ya wuce, kara dukiya ce, mai son dukiya kuma biya yake yi. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ko sau ɗaya ba. Sannan ya ce, “To, Malam Tasi'u, mun jiya. Ashe kara kuɗi na. Kashin shanun hwa, shi kyauta na?”

Ranka ya daɗe, a wane sashe na bitar aka yi bayanin wannan? Ko lokacin na fita wanke hannu ne? Darasin da na je har Gummi na koyo, Dikko ya kama shi a zama ɗaya, bai ci kazar kowa ba. Ya yi mini sallama cikin mutunci, ya wuce wurin Makau, maƙwabcina na gona, suka shirya a kan Makau zai riƙa ba shi hatsi shanu su kwana a gonarsa. Ni kuma na sayar da karana, na ji ni ɗan kasuwa. Kuɗin ya tafi a gyaran babur da wani takalmi da har yau yake matse ni.

Cutar ba ta tsaya a gona ba, har cikin gida ta biyo ni. Basira, wadda ta ji duk bitar da na yi wa Dikko ta bayan zana, ta sanar da ni cewa ƙuli-ƙulin da nake ɗiba a faranti kullum in zan fita jarinta ne, kuma tun aurenmu nake cin jarin. Na ce mata tsarin bai shafi tsakanin miji da mata ba. Ta tambaye ni ko mai tabarau ne ya faɗi haka, sai na mayar da ƙuli-ƙulin cikin faranti, domin bai faɗa ba.

Damina ta farko gonar ta yi haƙuri da ni, ta ci ragowar abin da shanu suka bari. Ta biyu kuwa sai ƙuduji ya rufe ta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero tun daga saiwa. Daga nesa gonata ta fi ta kowa kyau a ƙauyen, har baƙi suna tsayawa su duba. Geron Makau ya yi tsawo yana leƙen nawa ta kan iyaka. Rumbuna bai kai rabi ba, kuma mu goma sha ne a gida.

Na uku. Ganin haka na yi wa jari-hujja saki, na koma gurguzu. Na ce tunda kashin shanu ya zama na masu hali, to wajibin gwamnati ne ta riƙe taki ta raba wa talakawa. Na kafa ƙungiyar manoma, aka zaɓe ni shugaba ba hamayya, domin ba wanda ya nemi kujerar. Muka je wani ofishi a birni, aka ɗauke mu hoto, muka dangwala yatsa, aka ce takin zamani yana kan hanya. Muka yi shuka yana kan hanya. Muka yi noman farko, muka yi maimai, yana kan hanya. Ban san wace hanya ya biyo ba, amma ina kyautata zaton ya tsaya gaishe-gaishe. Ya iso muna yankan gero, buhu guda na ƙungiya gaba ɗaya.

A nan dole in yaba wa gurguzu, domin an yi adalci. Da gwangwanin madara muka raba, ba wanda ya fi wani, har ni shugaba. Na zuba rabona a aljihun riga na kai gida. Inna, mahaifiyata, ta gan shi fari tas a tafin hannuna, ta yi wa gwamnati addu'a, ta ɗauka sukarin azumi aka aiko. Tambayata ita ce, a ƙasashen da suka ci gaba da wannan tsari, aljihu nawa ake zuba wa gona mai girman tawa? Kuma in abu ya iso bayan an gama buƙatarsa, na bana ake lissafa shi ko na baɗi?

Na huɗu, kuma ina roƙon a karanta wannan a hankali, kada a yi ta yaɗa shi. Saura kwaminisanci. Da rani ya yi, gonar Makau ta yi baƙi ƙirin da kashin shanun Dikko, tawa tana fari kamar an share. Na zauna na yi nazari yadda kuka umarta. Ciyawar da shanun suka ci, ruwan Allah ne ya fitar da ita. Ruwan Allah na kowa ne. Ashe ke nan abin da ya fito daga cikin shanun ma na kowa ne, Makau ya tare shi ne kawai. Na ɗaura wa jakina mangala na shiga gonarsa da rana tsaka, domin ɗan kwaminisanci ba ɓarawo ba ne da zai ɓuya. Ina cikin lodi na biyu Makau ya iso.

A gaban dagaci na yi jawabin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na ce babu nawa babu naka, dukiya ta al'umma ce. Dagaci ya gyaɗa kai irin yadda na yi a Gummi, ya ce wannan tsari ya burge shi, kuma a fara aiki da shi nan take. Ya tambayi Makau ko yana da buƙatar jaki. Makau ya hau jakina ya tafi gida, ni na bi shi a ƙasa ɗauke da mangala. Bai dawo mini da shi ba sai da ya ga cinsa ya fi aikinsa. Tun daga ranar sunana a ƙauye ya koma Tasi'u Gurguzu. Na yi ƙoƙarin in bayyana musu cewa sun haɗa tsari biyu, laifin da aka kama ni da shi na kwaminisanci ne, amma ba wanda ya damu da bambancin.

Na biyar. Wannan ba na dariya ba ne, ko da yake ni ne dai a ciki. Kun ce a tsari na farko gwamnati alƙalin wasa ce, a na biyu mai rabo ce, a na uku ta gama aikinta ta tafi. To wane suna ake ba wurin da alƙalin bai zo filin ba, mai rabon yana kan hanya, wanda ya tafi kuma bai gama komai ba? Kun san halin da yankinmu yake ciki, ko da a jarida ne. Mutanen daji suna tare hanya, suna kora dabbobi, suna sa wa ƙauyuka haraji. Sun kore wa Dikko shanu masu yawa, har da jakunansa. Mu ma sun taɓa mu. Sai ya zamana mutumin da aka yi wa fashi da safe, da yamma ana kallonsa a kasuwa kamar shi ya yi, saboda harshensu ɗaya da wasu daga cikin masu yin.

A da, in irin wannan zance ya taso, mahaifina yakan miƙe ya ce wannan baƙona ne, a gonata yake kwana, wanda ke da magana da shi ya zo wurina. Wannan kalma ita ce kaɗai takardar shaidar da gidan su Dikko suka taɓa riƙewa a ƙauyenmu, kuma ta ishe su. Ban san tana cikin cinikin ba lokacin da nake sayar da kara. Wata Juma'a bayan an sauko, ana zaune a ƙofar dagaci, wani ya ambaci sunan Dikko da irin muryar nan. Aka juya ana duban Makau. Makau ya ce shi tsakaninsa da Dikko ciniki ne, ya ba da hatsi an ba shi taki, bai san shigarsa ba bai san fitarsa ba. Bisa koyarwarku bai yi kuskure ko kaɗan ba. Na yunƙura zan yi magana, sai wani ya ce a yi shiru Gurguzu zai yi bita, wuri ya ɗauki dariya. Na koma na zauna. Ko da sun saurare ni, me zan ce? A gonata yake kwana? Kowa ya san ni na tashe shi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, har ta jaki ba ta kai ta ba.

Na shida, kuma na ƙarshe. A kakar bana ban sare kara ba. Na bar shi a tsaye, da harawar da komai. Mai saye ya zo daga Bukkuyum ya koma, ya sake zuwa ya koma. Dabarata ita ce Dikko zai hango karan daga burtali, hanyar da shanu ke bi, ya gane abin da nake nufi, ya kawo shanunsa ba tare da na buɗe baki ba. Ai mai tabarau ya ce in kaya suna nan, mai buƙata da kansa yake zuwa. Na yi ta zama a bakin gona ina jiran kasuwa ta yi aikinta. Awakin ƙauye dai sun amsa kira.

Inna ce ta gaji da ni. Ta ce, “Tasi'u, wanga zama naka na mi na? Tashi ka tai da ƙahwarka ka ba mutum haƙuri, tun ina da rai.” Na ce to. Amma sai da na ɓata kwanaki ina tsara yadda zan faɗi maganar ba tare da kalmar haƙuri ta fito ba. Na samo mata suna mai kyau, sabuwar yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin noma da kiwo. Na haddace, na sayi goro, na sa shuɗiyar rigar, na kama hanyar ruga da hantsi.

Ban tarar da kowa ba. Bukkoki suna nan, turakun maruƙa suna nan a kafe, murhu ya yi sanyi har iska ta share tokar. A inda shanu ke kwana an tattara taki wuri guda, tsibi babba, an rufe shi da ƙaya don kada a ɗiba. Na yi sallama duk da haka, har sau uku, kamar wani zai fito. A hanyar dawowa na haɗu da Makau, ya ce ai sun tashi tun makon jiya, kuma Dikko ya bar mini saƙo a wurinsa, mantawa ya yi. Ga saƙon yadda ya faɗa mini: “Ka ce ma Tasi'u takin ga na ruga nashi na. Shi kwashe tun ruwa bai sauka ba, ni ba ni da sauran jakin kai mai. Gonar Baba Abdu ba ta kamata da ƙuduji ba.”

Ka san abin da ya fara fitowa daga bakina, ranka ya daɗe? Na tambayi Makau ko ya faɗi nawa zan biya. Makau ya dube ni, ya wuce. Ka ga irin aikin da bitarku ta yi, ta kama ni sosai. Na zauna a gefen hanya da goron a cinyata na yi kuka, ni da furfurata, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

Takin zan kwashe shi, domin akwai yara a gida kuma ba su halarci bita ba. Ba na neman diyya daga hukumarka, ba na neman a sake gayyatata, hular ma zan iya mayarwa in ana buƙata. Ba na ma neman a faɗa mini a cikin tsarin nan uku wanne ne ya tanadi mutumin da aka kora ya tara wa wanda ya kore shi taki ya rufe da ƙaya. Na duba iya sanina ban gani ba, na haƙura.

Alfarma ɗaya nake roƙo. An ce hukumarka tana da wakilai a kowace jiha. Wasu sun ce Dikko ya yi wajen Neja, wasu sun ce Kwara, wasu sun ce ya ƙetare iyaka. Dogo ne, siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, shanunsa farare ne kuma ba su da yawa yanzu. Idan wani wakilinka ya gamu da shi, don Allah kada ya yi masa bita. Ya gaya masa kawai Tasi'u ya ce a yi haƙuri, da wannan kalmar, ba wata ba. Ya ce masa karan yana nan a tsaye, kuma in ya dawo, duk mai magana da shi ya zo wurina.

Ina durƙushe ina jiran amsa, da irin haƙurin da na jira takin zamani. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa ofishinka haske, ya kuma tsare sauran ƙauyuka daga wakili irina.

Naka mai biyayya har abin ya yi yawa,

Tasi'u Abdulwahabu, wanda ake kira Gurguzu,
Bayan Nasarawa Burkullu, Bukkuyum.